Tsagar da Ta Ƙi Cikuwa

…kuma ba ruwa ne ya yi yawa ba, wannan kam ta tabbata. Jiya ta auna, shekaranjiya ta auna, yau ma ga shi tana aunawa da gwangwanin nan nasa mai lotsattsen baki: uku na farin siminti, ɗaya na ruwa, a juya har ya yi kauri kamar man goge baki, a bar shi ya huta, a sake juyawa. Haka yake yi. Shekara talatin da huɗu tana auren mai aikin tayil, a ce ba ta san kwaɓin cike tsaga ba? Haba dai. Ko kyanwar gidan nan ta sani.

To me ya sa ba ya zama?

A'a, kar ta yi wa siminti sharri, zama kam yana zama. Tana cikawa ya zauna daram, fari tas, layi ya miƙe tsakanin tayil da tayil kamar an ja zare. Sai bayanta ya riƙe, ta ja ƙofar falon, ta je ɗaki ta ɗan kishingiɗa — da rana tsaka fa, ido na ganin ido — ta dawo ta tarar an ƙwaƙule. Layi bayan layi, an bi da abu mai tsini an kankare har ƙasa, an tara garin a ƙarshen kowane layi, 'yan tsibi-tsibi, tsaf-tsaf. Ɓera dai ba ya tara shara. Tururuwa kuma ba ta da wannan ƙarfin.

Mutum ɗaya ta sani a duniya mai tara gari haka da gefen hannunsa, shi kuwa wata biyar ke nan da aka kai shi makwancinsa.

Da ta sani ta ja bakinta ta yi shiru. Ina! Baki ya yi ƙaiƙayi, ta gaya wa Auta. Auta fa — wanda ta goya har ƙafafunsa suna dukan bayan gwiwarta, wanda sai ya riƙe gefen zaninta yake iya shiga banɗaki — shi ne ya tsaya a bakin ƙofar nan da makullin mota a hannu, yana kallonta kamar ya kama ta tana cin ƙasa. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. A hankali ya ce, "Mama, buhu na uku ke nan fa." Sannan ya fita tsakar gida ya kira yayarsa a waya, yana rage murya, shi a dole ba ta ji. Ta ji sarai. Rikicin tsufa, in ji shi. Ita! Shekara sittin da ɗaya, haƙoranta cif, tana zura zare a allura ba tabarau.

Ya ce zai kawo mai aiki, awa uku an gama. Ta ce hannun baƙo ba zai hau aikin ubansa ba. Sai ya yanke magana: yau Asabar zai zo da la'asar. In ya tarar falo ya cika, shi ke nan, ta zauna a gidanta. In ya tarar da tsagogi a buɗe, ko ya sake jin zancen wani mai ƙwaƙula, ta haɗa kayanta, ya sa wa gidan kwaɗo, ta koma wurinsu. Bene, hawa na uku. Ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Ga matar Auta, yarinyar kirki wallahi, ba ta da laifi, amma sannu Mama, zauna Mama, bari in ɗauko miki Mama, har sai mutum ya manta yana da ƙafa. Can babu bishiyar lemon da ta dasa, babu igiyar shanyarta, babu… babu wanda zai san inda take in an zo nema.

Wa zai zo nema? Bari. Juya kwaɓin kafin ya sandare.

Yau dai ta yi dabara. Maigida kullum daga ƙurya yake farawa, yana ja da baya, yana ja da baya, har ya fita ta ƙofa ya bar aiki ya kwana ba wanda ya taka. Masu farawa daga ƙofa kuwa dariya yake musu har da tari. Ita yau daga ƙofar ta fara, da gangan. Falon ƙofarsa ɗaya, ta sa mata sakata ta ciki. Taga da ƙarafa. Kujeru duk suna baranda a lulluɓe tun ranar da aka fitar da su, babu inda ko ɗan tsako zai ɓuya. Tana fuskantar ƙofa tana ja da baya, duk abin da ta cike yana gaban idonta. Kuma in an goge da soso, akwai wani fari da ke bushewa a fuskar tayil kamar hoda. Wannan ba za ta share shi ba sai ƙarshe. Ko tsaka ce ta bi ta kai sai an ga sawunta. Kowane ne ke shigowa, yau sai ya bar sawu, ta nuna wa Auta da yatsa.

In kuma ba shi da sawu fa?

Ɗebo kwaɓi. Ɗebo kawai.

Tafin tsohon silifas, shi ne kayan aikin. Maigida ne ya yanke shi da wuƙa, ya ce duk robar da ake sayarwa a shago ba ta kama ƙafarsa ba. A danna a karkace — a karkace, ba a bin layi, in ka bi layi robar ce za ta sake kwashe abin da ka zuba — a danna har tsaga ta ƙi karɓa, ta amayo. A kwashe saura. A jira ya ɗan sha iska. Soso a matse shi, a matse, har ya daina ɗiga. Sannan ɗan yatsa ya bi layin sau ɗaya tak ya kwantar da shi. Sahu na ɗaya ya tafi, saura goma sha ɗaya. Gwiwa ta ja baya, bokiti biyu su biyo, robar kwaɓi ta biyo.

Wannan tayil mai duhun toka daga gidan wani direban tanki ya rage. Na kusa da shi, mai jijiya-jijiya, daga shagon mai magani. Wancan… wancan na ɗakin haihuwar wani ƙaramin asibiti ne, ya dawo ran nan yana ta ba da labarin kukan jarirai. Shekara talatin da huɗu yana gyara wa mutane ƙasa suna takawa da taƙama, falonsa kuwa daɓen siminti mai fashe-fashe, in baƙi za su zo sai ta rufe ramuka da tabarma. Ta yi mita har ta gaji. Shi kuwa sai dai ya shigo da guda biyu, guda uku, ragowar aiki, ya jingine bayan ɗakin girki. Girma ɗaya duka, launi ne kowa da nasa. Tana masa tsiya, wai falon 'yan tsince-tsince zai yi mata? Ranar da ya shimfiɗa su bakinta ya mutu murus. Ya jera su daga mai duhu a bakin ƙofa zuwa mai haske a ƙurya, yadda ido ba ya kama inda wani ya ƙare wani ya fara. Ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce masa abinci na hucewa.

Wani abu na sukarta a ƙugu, ta dama, tun safe. In ta sunkuya sai ya soke ta. Kar dai Auta ya ji, ya ƙara a cikin hujjojinsa. Ga bororo kuma a babban yatsa da na kusa da shi, ya fashe ya sake tashi, ya fashe ya sake tashi. Siminti ne. Siminti na cin hannu, kowa ya sani. Sai dai shi duk tafin yake ci, ba yatsu biyu ba… Sahu na uku. Hasken taga ya sauko daga bango ya kwanta a ƙasa.

Mai Ƙusa ake ce wa Maigida a bayan idonsa. Ƙusa 'yar inci huɗu, ya naɗe kanta da baƙin salatif, tsininta har sheƙi yake don aiki. Aljihu nawa ta ɗinke saboda ƙusar nan? In ma'aikatansa sun gama cike tsaga — gardawa masu gemu, masu 'ya'ya — sai su ja gefe su yi tsuru-tsuru. Ya durƙusa, ya ɗora tsinin a kan layi, ya ja a hankali yana karkata kunne. In ciki ya cika, ƙusa ta wuce sumul. In fuska kawai aka shafe aka bar rami a ƙasa, sai ta nutse. Ba ya zagi. Ba ya ɗaga murya. Sai dai ka ji ƙarr… ƙarr… ƙarr… aikin yini guda ya ƙwaƙule shi ƙarƙaf, ya tara garin da gefen hannu, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce a sake. Wani ƙato ya taɓa zuwa har gida ya kawo mata ƙara, hawaye shaɓe-shaɓe a gemu, wai ta yi wa Allah ta ɓoye ƙusar nan. Ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ita ma a ƙarƙashinta take, har wanke-wanke yana dubawa da farce. Suka yi ta dariya, ita da ƙaton, har Maigida ya leƙo yana tambayar…

Ƙarr.

Ta tsaya cak. Soso a hannun hagu yana ɗiga a cinyarta. Shiru. Tsaka a saman bango ta ɗaga kai ta tsaya ita ma. Can nesa wani yana buga ƙarfe, amma wannan ba shi ba ne, wannan a cikin ɗakin ne, kusa, kusa ƙwarai. Tunani ne. Ta tuna ƙara, kunne ya ji ƙara, ai ana yi. Hannunta na dama yana ƙugu yana gyara ɗaurin zani; ta sauke shi, ta sunkuyar da kai za ta ci gaba —

Layin da ke gefen gwiwarta a buɗe yake.

Ta cike shi. Wallahi ta cike shi, yanzun nan, ga danshinsa a bakin tayil bai bushe ba. A buɗe, tsawon tayil biyu, baƙin rami yana kallonta, ga 'yar tsibin ɗanyen kwaɓi a ƙarshe an tara ta tsaf. Ta ɗaga ido. Daga nan har ƙofa hoda na kwance lafiya lau, babu sawu ko na tururuwa. Sakata na nan yadda ta sa ta.

Tsigar jikinta ta tashi har ƙeya. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Amma a ƙarƙashin tsoron — kunya take ji ta faɗa ko a ranta — akwai wani abu mai ɗumi. Daɗi ne. Daɗi take ji, Allah Ya yafe mata. Wata biyar ba wanda ya gyara mata kuskure a gidan nan. Gishiri ya yi yawa, ba mai cewa komai. Ta bar fitilar banɗaki a kunne har gari ya waye, ba mai tsaki. Ƙusar ma ai ba ta cikin gwangwanin maɓallai inda ta ajiye ta da hannunta bayan rasuwar. Ran Laraba ta zazzage gwangwanin a kan gado, ta baza maɓallai ɗaya-ɗaya, babu ita babu alamarta. Wa zai ɗauki tsohuwar ƙusa ya bar almakashi sabo fil? Wa ke da buƙatarta in ba mai ita ba?

"Maigida," ta ce. Falon da babu kaya ya maido mata da muryarta. "In kai ne, ka yi min haƙuri na yau kaɗai. Yaron nan tafiya zai yi da ni."

Shiru. Shi da ma ba mai amsawa ba ne, sai ka tambaya sau uku ya ce uhm.

Ta sake cikewa. Ta danna har wuyan hannunta ya yi ƙara. To me ta yi ba daidai ba? A gaya mata. Ita da ya taɓa gwadawa da ƙusar nan ta haye? Tana da cikin Auta wata shida, ma'aikata biyu suka gudu suka bar shi da shagon wani tela, mai shago yana ta zarya. Ta ɗaura ɗankwali ta bi shi. Ta durƙusa da cikinta a gaba, ta cike rabin shagon, zufa na shiga mata ido. Da ya zaro ƙusa, zuciyarta kamar ta faɗo ta baki. Ya ja layi ɗaya. Ya ja na biyu. Ya ja goma, ya koma lungun bayan ƙofa inda kowa ke ha'inci, ya ja. Ya miƙe ya mayar da ita aljihu, bai ko dube ta ba, ya ce, "To."

Shi ke nan fa. To. Mata na ba da labarin zannuwa da 'yan kunnen da mazansu suka kawo musu, ita wannan "to" ɗin ta adana, shekara ashirin da tara bai koɗe ba. In ransu ya ɓaci da juna, in ya kwana uku yana mata shiru, sai ta ɗauko shi ta duba.

Sahu na shida. Na bakwai. Ba ta ƙara barin tunani ya ja ta ba, tana ƙirga tayil a fili kamar mai koyon lissafi. Gwiwoyinta sun daina ciwo, sun koma kamar na aro. Na takwas. Ruwan bokitin farko ya zama madara, na biyun ma ya bi sahu, soso yana shafa fari a kan fari. A sake ruwa. Ta dafa ƙasa za ta miƙe…

Famfo yana tsakar gida.

Tsakar gida tana bayan ƙofa. Ƙofa tana bayan sahu takwas na ɗanyen aiki, wanda ba a takawa sai ya kwana — ko kaza ce ta bi ta kai, sai Maigida ya kore ta har titi. In ma ta ce za ta bi tsakiyar tayil da yatsun ƙafa, hodar fa? Sawunta ne zai cika ɗakin, shaidar ta lalace, Auta ya duba ya ce ai ga shi nan Mama, ƙafarki ce. To in ya zo, wa zai zare masa sakata? Ba ta yi tunanin wannan ba. Kwana guda cur tana tsara dabara, ta tsara taga, ta tsara hoda, ta manta mutum yana fita daga ɗaki. Mai cikakken hankali zai manta da wannan? Kar ta fara. Kar ta soma ma. Kowa na mantuwa. Shi ma ai ya taɓa… a'a. Shi bai taɓa ba.

Ƙishi. Harshe ya yi kauri, ɗanɗanon siminti a baki. Ga ruwa bokiti biyu ba na sha. Ta ci gaba da wanda ke akwai, tana matse soso iya ƙarfinta. Hasken taga ya rarrafo ya wuce gwiwarta ya hau bangon gabas, ya fara ja.

Bayanta ne ya fara sanin ƙuryar kafin ita. Wani sanyi-sanyi tsakanin kafaɗu, kamar an bar firji a buɗe. Wata biyar tana shiga falon nan tana fita ba ta taɓa kallon wajen sosai ba. Jiya da shekaranjiya ma ta ɗaya ƙuryar ta fara, ta bar wannan sai daga baya, sai daga baya. Yau da ƙafarta — da gwiwarta — take kai kanta, da baya da baya, ba ta ko ganin abin da take nufa. In ta ja baya ta ji ta taɓa gwiwar mutum fa? Ba za ta waiwaya ba. Sahu na goma. Ba za ta waiwaya ba. Na goma sha ɗaya. Diddigenta ya taɓa wani abu, ta saki soso —

Bango ne. Bango kawai.

Saura tayil huɗu. Saura biyu. Saura wanda take kai. Ta karkace ta cike ta dama, ta karkace ta cike ta hagu, ta kankare gindin roba ta samu na layin ƙarshe da ƙyar. Ɗan yatsa ya bi sau ɗaya. An gama.

An gama?

Ta zauna daɓas, ta ja ƙafafu ta haɗe, ta jingina da bango. Falon ya miƙe a gabanta daga haske zuwa duhu, fararen layuka sun ɗinke shi waje guda, babu rami ko ɗaya. Kai, ya yi kyau. Ya yi kyau har ƙirjinta ya yi zafi. Auta zai leƙo ta taga ya gani ya ji kunya, ya kira yayarsa ya janye maganarsa. Za ta zauna a gidanta. Ta ci nasara, to me ya sa take ji kamar an kwashe mata kayan ciki?

A fentin bango, ɗan sama da kanta, akwai wani tabo mai maiƙo. Ba sai ta duba ba, ta san yana nan. Nan ƙeyar Maigida ta jingina. Ya gama shimfiɗa tayil da kwana uku, ya bi su ɗaya-ɗaya yana ƙwanƙwasawa da kan ƙusa yana saurare, ya zare tsinken ashanan da ya sa a tsakaninsu ya tara a aljihu. Ya zo nan ya zauna, daidai nan, ya ce ƙirjinsa ya ɗan riƙe, ta kawo masa ruwa. Tana bakin ƙofa ya ɗaga yatsa: "Kar kowa ya taɓa min. Gobe zan cike." Ta ce wa zai taɓa maka, sai ka ce zinariya. Ta je ta ɗauraye kofi, ta tsaya ta kashe murhu, ta tsaya ta kwashe shanya don hadari ya haɗo — shanya! — ta dawo ta same shi hula ta karkace, ƙusa a hannu, ido a lumshe. Ta tsaya a kansa tana masa tsiya. Wai an aiki mutum shi kuma ya yi barci. Wai tsufa ya zo ba a so a yarda. Ta yi ta magana, ta yi ta magana, kofi a hannu, Allah kaɗai Ya san minti nawa tana zolayar…

Ƙarr… ƙarr…

Ba ta buɗe ido ba. Yaushe ma ta rufe? Bari ya yi. Ta gaji. Yana nan kusa, ta dama, har tana jin ƙarar a gwiwar hannunta, a kafaɗarta, tana shiga ƙashi. A hankali yake ja, ba gaggawa, yadda ya saba. Ya tsaya. Gefen hannu ya share, sau biyu. Ya koma na gaba. Rabon da ta ji kwanciyar hankali irin wannan tun ranar kofin.

Rigunansa an rabar. Takalmansa an rabar. Gudumar roba da ma'aunin daidaita tayil ƙaton nan mai kuka ya zo ya karɓa, ya sake yin wani kukan. Katifa ta daina warinsa tun wata na biyu, ta shinshina har ta haƙura. Duk abin da ya fara a duniya ya gama shi, mutumin nan, bai bar ko maɓalli a kwance ba, sai wannan. Gobe zan cike. Muddin tsagar nan na buɗe, akwai sauran gobe. In an rufe ta, me ya rage masa a gidan nan? Me zai dawo yi? Wa ya ce mata ma ta taɓa, bayan ya ce kar kowa…

Hon ɗin mota. Ƙarar ƙofar gida, makullin Auta mai taurin juyawa. Takun takalmi a tsakar gida.

Ta buɗe ido.

Daga ƙofa har zuwa nan hoda na kwance, ba sawu. Fararen layuka na nan lafiya, sahu ɗaya, biyu, tara, goma. Sai kewaye da ita. Kewaye da ita duk a buɗe suke, baƙaƙe, kowanne da 'yar tsibinsa a ƙarshe, tsaf-tsaf. Iyakar inda hannu ke kaiwa daga zaune. Ko taƙi ɗaya ba su wuce ba.

Ɗaurin zaninta a kwance yake ta dama. Sukar da ke ƙugunta tun safe ta daina.

Ƙusar tana tsakanin babban yatsa da na kusa da shi, daidai kan bororon, baƙin salatif ya jiƙe da ruwansa. Hannun tana ganinsa — zobenta ne, tabon ƙunar man gyaɗa ne, nata ne — yana tafiya a kan layi a hankali, ba gaggawa. To jiya fa? Shekaranjiya? Ba kishingiɗa ta yi ba? Ta tuna ta ja ƙofa, ta tuna matashin kai… ta tuna? Gwiwoyin da take tashi da su fari fat, tana cewa na safe ne. Ran Laraba da take baza maɓallai a kan gado tana nema, ashe abin na sukarta a ƙugu.

"Mama?" An tura ƙofa, sakata ta yi ƙara ta riƙe. "Mama, kin gama? Buɗe mana."

Sahu goma sha ɗaya tsakaninta da sakatar.

"Ƙarar mene ne wannan nake ji? Mama… ke da wa ke ciki?"

In ta ce ita da ubansa — mota na waje, ko kashe ta bai yi ba. In ta ce ita kaɗai — kalmar da wata biyar take kewayewa kamar yadda take kewaye ƙuryar nan — motar dai na waje. Ta buɗe baki. Inuwar kan Auta ta fara matsowa wajen taga.

Hannun bai tsaya ba. Saura layi ɗaya a gefen cinyarta, ya kai rabi. Tana kallon abin da ƙusar ke fitarwa, Allah sarki, cike yake dam har ƙasa, babu rami, babu ha'inci, haka na bayansa, haka na jiya, haka na shekaranjiya. Aikin ba shi da laifi. Bai taɓa yin laifi ba. Mai cewa "to" ne babu.

"Mama?"

Ƙarr…